Hoton Kan Rabeh a Kuseri, 1900: Abin da Gilashi Ya Kama da Abin da Ya Bari

Akwai wani tsohon hoto da ke yawo a wayoyin mutane daga Kuseri zuwa Njamena, har Marwa da Dikwa. Kan mutum ne a bisa tsini, wani soja baƙar fata na rundunar Faransa yana tsaye riƙe da shi. A ƙasa akan rubuta "Yaƙin Kuseri" ko "Ƙarshen Rabeh". Malamai suna nuna wa ɗalibai, masu gardamar tarihi a majalisa suna kafa hujja da shi, wasu ma sun shafa masa launi. Hoton yana da asali, amma an ɗauke shi ne bayan ƙura ta lafa, kuma wanda ya yi nasara shi ya tsara abin da za a gani. Wanda ya san irin kayan da ake ɗaukar hoto da su a 1900 zai gane dalilin da ya sa kusan duk hotunan yaƙe-yaƙen wancan zamani a wannan yanki haka suke.

Rabeh ya fito daga ƙasar Sudan, ya yi wa Zubairu Fasha, babban ɗan kasuwar bayi na can, aikin soja, daga baya ya ja tasa rundunar ya yi yamma. A 1893 ya ci Barno, ya rushe Kukawa, ya mai da Dikwa babban birninsa. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna a Balda kusa da Marwa, ya haɗa kai da shi har ya auri 'yarsa Hauwa, kafin su ɓata. Faransawa suka turo wa Rabeh runduna uku ta hanya uku. Ta Foureau da Lamy ta taso daga Aljeriya a ƙarshen 1898, ta keto Sahara ta Agadas zuwa Damagaram. Ta biyu ita ce ragowar rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta yi ɓarnar da ba a manta ba a Birnin Konni a 1899, daga baya Joalland da Meynier suka karɓi ragamarta. Ta uku ta Emile Gentil ce, wadda ta biyo ruwa daga Kwango zuwa Shari. Suka haɗu a Kuseri, garin da ke arewacin Kamaru a yau, da taimakon mayaƙan Sarkin Bagarmi Gauranga. Ranar 22 ga Afrilu 1900 suka faɗa wa sansanin Rabeh da ke bakin kogi, 'yan kilomita kaɗan daga gari. An kashe Rabeh, an yanke kansa. Lamy, kwamandan Faransawa, ma ya mutu a ranar, haka Kyaftin de Cointet.

Kayan da ke cikin akwati

A shekarar 1900 matafiyi Bature ya riga ya huta da wahalar jiƙaƙƙen gilashi, irin wanda Roger Fenton ya yi fama da shi a yaƙin Kirimiya a 1855, inda sai an shafa magani a wurin, a ɗauka, a wanke kafin ya bushe. Tun wajen 1880 ake sayar da busasshen gilashi, wanda aka riga aka shafa masa jalatin, wani abu mai danƙo kamar ƙaro, haɗe da gishirin azurfa tun daga masana'anta. A Faransa kamfanin Lumière na birnin Lyon ne ya fi suna a kansa. Ana sayar da shi dozin-dozin a kwali, girman da aka fi tafiya da shi kuwa santimita 9 da 12 ne, ko 13 da 18. Fim na naɗi ya riga ya fito, Kodak na sayar da shi tun 1889, sai dai zafi yana lanƙwasa shi, don haka masu aikin taswira da bincike suka fi amincewa da gilashi.

Gilashi kuwa nauyi gare shi. Guda ɗaya mai 9 da 12 yakan kai giram 40, mai 13 da 18 ya kusa giram 90, wato dozin ɗinsa ya haura kilo guda tun ba a sa shi a gwangwanin da aka like da dalma ba. Ɗan dako yana ɗaukar kilo 25 zuwa 30, kuma kan nan nasa harsashi da magani da gishiri duk suna nema. Rundunar Lamy ta rasa mafi yawan raƙumanta a ƙasar Abzin, har ta lalata kaya da yawa da hannunta don babu abin ɗauka. Duk gilashin da ya iso Kuseri lafiya ta kowace hanya cikin ukun nan, ya zama abin tattali. Ba a kashe shi a kan abin da ba a tabbata zai fito ba.

Ita kanta kyamarar akwatin katako ce mai zugazugin fata, ana kafa ta a kan ƙafa uku, mai ɗauka ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle ya daidaita hoton a kan gilashin dubawa, wanda ke nuna komai a kife. Sannan ya rufe idon kyamarar, ya zura maɗaukin gilashi, ya zare murfinsa, ya danna, ya mayar da murfin. Kowane maɗauki gilashi biyu yake ci. Mai maɗauki uku yana da hoto shida, daga nan sai ya sa hannu cikin baƙar jaka ko ya jira dare ya sake lodi. Akwai kyamarorin hannu masu cin gilashi 12 a ciki ɗaya, amma a garin ƙura sukan cije.

Mutane kan ce rashin saurin kyamara ne ya hana ɗaukar faɗa. Wannan gaskiya ne a zamanin Fenton. A 1900, cikin rana irin ta bakin Shari, busasshen gilashi yana iya kama hoto a kashi ɗaya cikin 50 ko 100 na daƙiƙa, wanda ya isa ya tsayar da mutum mai tafiya. Matsalar tazara ce. Idon kyamarar 9 da 12 yakan kasance milimita 135. Mutum mai tsawon mita 1.7 da ke nesa da mita 300 zai fito a gilashi ƙasa da milimita ɗaya, ɗigo kawai. Kafin ya cika rabin tsayin gilashin sai an matso shi kamar mita biyar. A tazarar mita biyar da mayaƙin Rabeh mai rai, babu mai lulluɓe kansa da ƙyalle. Ga hayaƙin baƙin albarushi daga bindigogin ɓangarorin biyu, ga ƙurar dawaki, ga kuma cewa masu kyamarar su ne hafsoshi da likitocin da ke da wani aikin a lokacin. Saboda haka abin da ke shiga gilashi shi ne abin da ya tsaya cik: ganuwa da aka fasa, tutoci da bindigogin da aka kwashe ganima, fursunoni a zaune, gawa.

Wankin hoto a watan Afrilu

A nan ne yawancin hotunan irin waɗannan tafiye-tafiye suka mutu. An tsara magungunan wanki ne don ruwa mai digiri 18 zuwa 20. Afrilu kuwa shi ne tsakiyar bazara a Kuseri, zafin rana yana haura digiri 40, ruwan da ya wuni a gwangwani ya fi ƙarfin 30. Jalatin da ya jiƙa yana fara laushi tun kafin nan. Alamar farko ita ce gefen hoton ya tattare ya ɗago daga gilashi. In aka ci gaba, fuskar hoton takan yi ƙuraje ko ta tsattsage kamar bakin tabki da rani, musamman idan aka fitar da gilashi daga ruwa mai ɗumi aka tsoma a mai sanyi. In zafin ya yi yawa, hoton gaba ɗaya ya narke ya zube a tasa.

Masu aikin sun san dabarun kauce wa haka. Ana wanki ne da asuba, lokacin da ruwa ya fi sanyi, da ruwan da ya kwana a randa ko a salka. Ruwan Logon da Shari sai an bar shi ya kwanta an tace da ƙyalle, don ƙwayar yashi ɗaya da ta manne a jalatin za ta zama farin tabo a kowace takarda da aka buga. Bayan ruwan fito da hoto, wanda a lokacin yawanci na firogalol ne ko haidrokinon, akan tsoma gilashin a ruwan alif, kimanin giram 50 a lita, na 'yan mintoci don jalatin ya yi tauri. Wasu sukan yi amfani da fomalin da aka tsarma. Daga nan sai ruwan hipo mai kafe hoto, kimanin giram 200 a lita, minti goma zuwa sha biyar. Akwai tarko a tsakanin biyun nan: idan ba a ɗauraye alif sosai ba kafin a shiga hipo, sai hipon ya saki ƙibiritu, hoton ya yi rawaya daga baya. Sai kuma ɗauraya ta ƙarshe, wadda ke son awa guda a ruwa mai gudu ko canjin ruwa sau shida zuwa takwas. A sansanin yaƙi wannan ce ake gajartawa, kuma hipon da ya rage shi ke cin hoton a hankali shekara da shekaru. Ko an tsallake duk wannan, gilashi yana bushewa ne a fili, inda ƙura ke sauka, kyankyaso kuma yana son jalatin.

Wanda ya ji tsoron wannan sai ya mayar da gilashin cikin kwali ba wanki, ya bari sai an koma gida. Ita ma wannan hanya tana da nata hasara. Hanyar komawa ta Shari ce zuwa Ubangi zuwa Kwango, watanni cikin laima. Hoton da ba a wanke ba yana raguwa da zafi da danshi, hazo yana shigowa daga gefuna, takardar da aka raba gilasan da ita takan bar shaidarta a kai.

Yadda ake karanta shi

Abu na farko shi ne launi. Gilashin yau da kullum na wancan lokaci shuɗi kawai yake gani sosai. Sararin sama yakan fito fari fat ba gajimare, ja kuma ya fito baƙi. Jar dara ta sojojin Afirka na Faransa baƙa take fitowa, jini ma haka, fatar baƙin mutum kuma takan yi duhu fiye da yadda take, har kamannin fuska su ɓace idan mai ɗauka ya auna haskensa da farar riga. Gilashin da ke ganin dukkan launuka bai yaɗu a kasuwa ba sai daga 1906. Don haka duk kwafin da aka shafa wa launi da manhaja, launin nan ƙirƙira ne, domin gilashin bai ajiye bayanin da za a dawo da shi ba. Haka kuma ba a yanke hukunci kan tabo ko rauni a fuskar daga baƙin wuri a hoto.

Na biyu inuwa, kuma a nan Kuseri ta ba mu sa'a. Garin yana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, ranar 22 ga Afrilu kuma rana tana bi ta kan wannan layin daidai. Da tsakar rana inuwar mutum tana ƙarƙashin ƙafarsa. Awa uku kafin haka ko bayan haka, tsawon inuwa yakan yi daidai da tsawon mai ita, ta miƙe yamma da safe, gabas da yamma. A Disamba kuwa ko da tsakar rana inuwa takan kai kashi bakwai cikin goma na tsayin mutum, ta karkata arewa. Duk hoton da aka ce na ranar yaƙin ne, a auna inuwar mutum da tsayinsa da rula, a duba inda kogi ko ganuwa take. Wannan ba ya tabbatar da rana, amma yana iya ƙaryata ta. Sai dai a fara tabbatar da cewa ba a juya hoton ba, domin gilashin da aka ɗora a na'urar sikan ta bayansa yana mai da dama hagu. Hannun kunamar bindigar sojan Faransa, Gras ko Lebel, a dama yake, da shi ake ganewa.

Na uku shi ne tsarin hoton kansa. An ɗaga kan sama inda ido zai same shi, sojan yana tsaye don a ɗauke shi. Wannan aiki ne da ke son umarni da lokaci. Faransawa suna da bukatar shaida ta fuska biyu. Mutanen Barno da Bagarmi da Kotoko sai sun ga kan da idonsu kafin su yarda mutumin da ya gagari kowa shekara bakwai ya mutu, ga ɗansa Fadlallah yana nan da runduna, bai faɗi ba sai a Gujba a 1901. Su kuma mutanen birnin Paris sai an nuna musu abin da kuɗinsu da ran Lamy suka saya, musamman bayan abin kunyar Voulet da Chanoine. Kan ya yi aikin farko, hoton ya yi na biyu. A lura kuma da wanda aka sa a gaba. Hannun baƙin soja ne ke riƙe da tsinin, Baturen da ya ba da izini yana bayan kyamara. Mai kallo a Turai zai ɗora ɗanyen aikin a kan 'yan Afirka, ya bar wa ƙasarsa nasarar.

Daga gilashi zuwa waya

Abin da ke hannun mutane yau jikan jika ne. Daga gilashi akan buga takarda ta hanyar manna su a firam a shanya a rana. Daga takardar mai zane ko mai sassaƙa ya kwafa don jarida, ko a mai da ita ɗige-ɗige don injin buga littafi. Hoton ya fito a jaridun Faransa masu hotuna a 1901, Gentil kuma ya buga littafinsa kan faɗuwar daular Rabeh a 1902. A kowane mataki ana yanke gefe, ana goge baya, ana ƙara wa ido da baki layi don su fito. Shi ya sa ake ganin wani kwafin kan ne kaɗai ba soja.

Madubin ƙara girma mai ninki goma ya isa a rarrabe su. Hoton da aka buga kai tsaye daga gilashi ba shi da ɗigo, duhu yana shiga haske a hankali, sau da yawa launinsa ruwan ƙasa ne mai ɗan ja, gefensa kuma yakan yi ƙyallin azurfa idan aka karkata shi. Na injin littafi ɗige-ɗige ne a jere. Na sassaƙa layuka ne sirara, kuma wannan zane ne, hannun mutum ya shiga ko'ina a cikinsa. In katin gidan waya ne, a juya bayansa: wanda aka raba da layi, gefe na saƙo gefe na adireshi, bai riga ƙarshen 1903 ba a Faransa, a Jamus kuma 1905.

Sunan wuri ma yana faɗin shekarun kwafi. Yarjejeniyar Faransa da Jamus ta 1894 ta sa Kuseri a rabon Jamus, wato an yi yaƙin ne a ƙasar da a takarda ba ta Faransa ba ce. Shi ya sa Gentil ya haye kogi ya kafa Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, ranar 29 ga Mayu 1900. Rubutun da ya ce "Kusseri, Kamerun" na zamanin Jamus ne. Wanda ya ce "Fort-Foureau" an yi shi bayan Faransawa sun karɓe garin a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wanda ya ce Njamena bai riga 1973 ba.

Akwai irin wannan ruɗani a hotunan Mora, a arewacin Kamaru, na Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kyaftin von Raben ya riƙe dutsen Mora daga Agusta 1914 har 18 ga Fabrairu 1916, shi ne Bajamushe na ƙarshe da ya miƙa wuya a Kamaru, wata takwas bayan faɗuwar Garwa a Yuni 1915. Sashen hoto na sojan Faransa, wanda aka kafa a 1915, ya turo Frédéric Gadmer Kamaru ne bayan an gama faɗa. Hotunansa na arewa suna da kyau ƙwarai kuma suna da amfani wajen sanin wurare da sarakuna da kayan sojoji, amma wanda ya rubuta "ana tsakiyar yaƙi" a ƙarƙashinsu ya yi wa tarihi ƙari.

Abin da bai shiga ba

Kyamara ɓangare ɗaya ta biyo. Rundunar Rabeh tana da tsari, kashi-kashi ƙarƙashin tutoci, da horo da albarushin da ake haɗawa a Dikwa, amma fuskar da duniya ta san shi da ita ita ce ta bayan mutuwa. 'Yan dakon da aka kama a hanya, matan da ke cikin sansanin, mutanen Kotoko da aka yi faɗan a gonakinsu, mayaƙan Bagarmi da suka yi kaso mai yawa na aikin, duk sai dai a neme su a wani wuri. Haka ma waɗanda Rabeh ya kashe ko ya sayar a Kukawa da ƙasar Sara, domin hoton yana iya sa mai kallon yau ya ga wanda aka zalunta kawai, alhali tsofaffin Barno suna da nasu labarin a kansa. Wannan gibi ana cike shi ne da bakin mutane, Larabawan Shuwa da Barebari da Kotoko da Hausawan da kakanninsu suka yi fatauci ko aikin soja a Dikwa, da waƙoƙi, da wasiƙun Larabci na lokacin, sannan a gwada su da rahotannin hafsoshin Faransa, waɗanda su ma don neman girma aka rubuta su.

A ganinmu hoton bai dace da bangon aji ko allon sanarwa ba. Wulaƙanta gawa haramun ne a addinin mafi yawan masu kallonsa a nan, kuma zuriyar mutanen da suka yi faɗan ta kowane ɓangare suna zaune a gefe biyu na gadar Ngeli da ta haɗa Kuseri da Njamena. Ga ɗalibin da ya kai munzali da mai bincike kuwa, a nuna shi, amma da cikakken bayani a ƙasa. Bayanin ya faɗi cewa an ɗauka bayan yaƙin 22 ga Afrilu 1900, daga ɓangaren Faransa, kuma an tsara tsayuwar. Ya faɗi irin kwafin, ko takarda ce daga gilashi, ko ɗige-ɗigen littafi, ko zanen sassaƙa, da littafin ko ma'ajiyar da aka ciro shi, da ko an yanke gefe ko an shafa launi. Wanda ya samu tsohuwar takarda ta asali a gidan sarauta ko a akwatin kakanni, kada ya wanke ta, kada ya like ta da roba mai zafi irin ta katin shaida, domin ba ta ɓantaruwa kuma. Ya ɗauki gaba da baya duka, tunda rubutun fensir da hatimin da ke baya sukan fi hoton faɗin inda ya fito, ya sa rula a gefe don a san girmansa, sannan ya ajiye ta a kwance cikin farar takarda marar asid, nesa da bangon da ke jiƙa da damina da kuma inda gara ke bi.